Baba ya ce ba ya barin ƙauye, jinya kuma ta fara raba kanmu

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 42, da aure da 'ya'ya huɗu, ina koyarwa a wata makaranta a birni. Iyayena suna ƙauye, tafiyar awa biyar a mota, in damina ta sauka kuwa hanyar sai a hankali. Wata takwas ke nan Baba, mai shekara 78, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hankalinsa garau, yana magana ana ganewa, amma ba ya tashi sai an kama shi, ba ya zuwa ban ɗaki da kansa. Inna shekararta 70, gwiwoyi sun gaji, ga mantuwa ta fara damunta: ta ɗora tukunya ta manta, akwai ranar da ta ba Baba maganin safe sau biyu.

Mu huɗu ne. Yayanmu yana ƙasar waje, shi ke turo mafi yawan kuɗi, shi ke yanke hukunci ta waya. Ƙanwata tana aure a wani gari, ta ce ba a barinta. Autanmu ne a gida da matarsa, kuma gaskiya matar nan ita ke wanki da girki da kwashe ƙazanta. Yanzu tana da ciki wata biyar, makon jiya ta ce min ta gaji, tana kuka.

Ina zuwa duk bayan mako biyu. Na ce a dawo da su wurina kusa da asibiti, Baba ya ce inda aka haife shi nan za a ɗauki gawarsa. Yaya ya ce a sayar da gona a ɗauki mai jinya, Baba ya yi kwana uku bai yi wa kowa magana ba. Maigidana bai hana ni zuwa ba, amma fuskarsa ta fara canzawa. In ajiye aiki in koma gida ne, ko mu ɗauko su ko suna so ko ba sa so? Ba na barci, gani nake na gaza.

Daga wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya ƙara wa Inna ƙarfi, ke kuma ya saka miki da alheri. Amsata a gajarce ita ce kada ki ajiye aiki, kada kuma ku ɗauko su da ƙarfi. Hanyoyi biyun nan duk na wanda gajiya ta kai wa wuya ne, yana so a yi ta ta ƙare yau. Jinya irin ta Baba kuwa tana iya ɗaukar shekaru, don haka tsarin da kuke buƙata shi ne wanda zai yi nisa ba tare da wani ya faɗi a hanya ba. Maganar kin gaza ba zan daɗe a kanta ba. Mace mai 'ya'ya huɗu da aji a gabanta, tana cin awa goma a mota duk bayan mako biyu, ba ita ake kira wadda ta gaza ba. Kin hango bango yana tsagewa ne kafin sauran su hango, sai dai tsagar ba a inda kike kallo take ba.

Kowa a gidanku Baba yake kallo, ni kuwa a kan matar auta idona ya tsaya. Duk ginin nan a kanta yake tsaye. Yaya yana iya zama a nesa saboda tana nan, ke kina iya komawa aji ranar Litinin saboda tana nan, Baba ma yana iya cewa ba ya barin gidansa saboda akwai mai wanke masa zanin gado kafin gari ya waye. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na hidimar kula da mutane da ba a biya, sama da ninki uku na abin da maza ke yi. Aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da mai yinsa ta kwanta. Kuma macen da ta buɗe baki ta ce wa yayar mijinta ta gaji, ta daɗe tana haɗiye maganar.

Ki yi lissafi. Nan da wata biyu sunkuyawa ma za ta gagare ta, balle cicciɓar babban mutum daga katifa zuwa kujera, abin da tun yanzu bai kamata tana yi ba. Nan da wata huɗu za ta haihu, ita ma ta nemi mai kula da ita. Ke nan ranar da tsarin gidanku zai rushe sananniya ce. Iyalai da yawa sai tsakar dare ake buga musu waya, ku kuwa an ba ku wata huɗu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuwanki na gaba, kafin ki zauna da Baba, ki ja ta ɗaki ku biyu. Ki gode mata, ki ambaci ayyukan da sunansu don ta san an gani. Ki tambaye ta wanne ya fi ci mata rai, wanne take so a sauke mata yau. Kada ki yi mamaki in ta ce wankin da sauƙi, tashin dare ne ya gama da ita. Maganarta kuma kada ki kai gaban 'yan'uwa a matsayin ƙorafinta, gobe a ce ta ƙi iyayen miji. Ki kai ta a matsayin abin da kika gani da idonki. A cikin kuɗin da ake turowa a ware mata nata duk wata, a hannunta, haƙƙinta ne. Ta samu yini guda a mako da ba ruwanta da ɗakin Baba. Shi ma auta a tuna da shi, don duk awar da ya yi yana kama Baba daga neman abincin iyalinsa ya cire ta.

Sannan ku dakatar da gardamar inda su Baba za su zauna sai kun san girman aikin. Yaya yana ganin Baba a waya an yi masa wanka an sa masa riga mai tsabta, sai ya ɗauka abin da sauƙi. Akwai ma'aunin da wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fitar a 1963, har yau ana aiki da shi. Abu shida ake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa ban ɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da kai abinci baki. A kowanne a tambaya, yana yi da kansa ko sai an yi masa? Ki auna Baba, ki auna Inna ma. Ki ajiye littafin rubutu a ɗakin, mako guda a riƙa rubuta duk abin da aka yi, da ƙarfe nawa, da wanda ya yi. Hoton shafukan za ki tura wa Yaya da ƙanwarki. Mutum yana musu da ra'ayin ƙanwarsa, amma da wuya ya yi musu da takardar da ta nuna an tashi sau huɗu tsakanin sha biyun dare da asuba.

Maganar Inna ba ta jiran taro. Daga yau magani ya bar hannunta. Na hawan jini in aka ninka yana iya sa mutum jiri ko suma, na tsinka jini kuma yana jawo zubar jini. Akwai 'yar akwatin roba mai gida-gida ta kwana bakwai, ana samu a kemis. Auta ya cika ta sau ɗaya a mako, sauran kwalaben a kulle. Sai dai a yi dabara: shi ya ciro ƙwayar ya sa a tafinta, ita ta miƙa wa Baba da ruwa. Macen da ta yi kusan shekara hamsin tana hidimar mutum, in aka ce mata zauna ki huta, ji take an ce ba ta da amfani. Girki kuwa, kada ta sake kunna wuta ba kowa kusa.

A kai ta likita a kan kanta, ba 'yar rakiya ba. Kada ki yanke cewa cutar mantuwa ce, kada kuma ki bari a sallame ki da cewa tsufa ne. Rashin barci na wata takwas yana kawo mantuwa, damuwa tana kawowa, haka ƙarancin sinadarin B12, da matsalar tayirod, abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Wanda kunnensa ya yi nauyi ma sai a ɗauka mantawa yake. Duk waɗannan suna da magani. In kuma cutar mantuwar ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, sanin da wuri zai canza lissafinku, domin masu ita sukan ƙara rikicewa in aka raba su da ɗakin da suka saba. Ƙaurar da za ta amfani Baba tana iya cutar da Inna. Ki kuma gaya wa mutanen gida, mantuwar da ke zuwa a hankali cikin watanni daban, rikicewar da ta faɗo cikin yini ɗaya daban. Tsoho in ya wayi gari yana sambatu bai san inda yake ba, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko na huhu ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma a ranar ake nufar asibiti.

Yanzu Baba, wanda nake jin kina ɗan jin haushinsa ko da ba ki faɗa ba. Wata tara da suka wuce shi ke cewa a yi, a bari. Yau sai an buɗe masa jiki a gaban ɗansa, sai ya jira a zo a juya shi. Abu biyu suka rage da zai nuna ya ce nawa ne, gidan da gonar. Sai ga 'ya'yansa cikin ƙauna, ɗaya ta ce a ɗauke shi daga gidan, ɗaya ya ce a sayar da gonar. Ni shirun kwana uku ma na ga ya yi haƙuri. Ki sani kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar jiki sukan kamu da ciwon damuwa, wanda a tsoho yakan zo da saurin fushi, ƙin abinci da yawan ambaton mutuwa. In kin ga haka ki gaya wa likitansa. Amma kada a fake da wannan a ce maganarsa ba ta da nauyi. Mai cikakken hankali yana da ikon zaɓar inda zai zauna ko da zaɓin ya fi haɗari, dukiyarsa kuma tasa ce. Abin da ba shi da iko a kai shi ne lafiyar Inna da ta matar ɗansa, kuma a nan za ki tsaya masa cikin ladabi.

Ki same shi ya ci ya huta, ba kowa a ɗakin. Ki je a mai neman shawara, don uba ya fi saurin ba da abin da aka roƙa a kan abin da aka zo ƙwata. Ki ce: Baba, mun ji, ba mai fitar da ku daga gidanku. Amma ga halin da matar auta ke ciki, ga Inna, ku ne babba, ku gaya mana yadda za a yi in ta haihu. Sai ki yi shiru, ko shirun ya yi tsawo. Ki tambaye shi me yake gudu a birni. Wani zaman gidan suruki yake gudu, wani kaɗaici, a rufe shi a ɗaki kowa ya tafi aiki, alhali a ƙauye ko yana kwance abokan yarintarsa suna leƙowa. Wannan gaisuwar kada ki raina ta.

In ya saurara, ki yi masa tayin zuwa na wa'adi: mako shida daidai lokacin haihuwa, a ga likita, a yi masa gashin ƙashi da atisaye, da ranar komawa a faɗe tun kafin a taso. Sauƙin da ake samu bayan shanyewar jiki ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko, amma ba ya tsayawa a nan. Mai wata takwas yana iya koyon tashi da ɗan tallafi, wannan kaɗai kuma zai rage aiki mai yawa. Tsoho ya fi yarda da tafiyar neman ƙarfi a kan tafiyar ƙaura. In binciken Inna ya nuna sauyin wuri zai rikita ta, ta zauna a gida ƙanwarki ta zo ta kwana da ita. Ranar komawa in ta cika ku mayar da shi, ko da kina ganin zamansa ya fi. Kuka yaudare shi sau ɗaya, ba zai sake shiga mota ba ko ranar da shigarta ce za ta cece shi. In kuma ya ƙi tayin gaba ɗaya, ke da ƙanwarki ku raba makonnin tsakaninku.

Yaya bai yi kuskure ba da ya ce a ɗauki mai jinya. Inda ya zame shi ne ya fara da gona, kuma ta waya. Ki yi masa uzuri kaɗan, na nesa kuɗi ne kaɗai hannunsa, sau da yawa kuma yawan ba da umarni kunyar rashin zuwa ce ta sa riga. Ki nemi taron ku huɗu ta waya, auta yana magana. A amince da ƙa'ida guda: abin yau da gobe na kusa ke yankewa, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, babban kuɗi da dukiya kuwa sai an haɗu, da Baba a ciki. A buɗe asusun jinya, kowa ya faɗi abin da zai iya sawa duk wata ba tare da cin bashi ba, mutum ɗaya ya riƙe yana tura lissafi, a ware wani kaso na gaggawa. Gona kuma tsakanin riƙewa da sayarwa akwai hanya. A ba da haya, ko wani ya noma a raba amfani, kuɗin ya shiga asusun, abin Baba yana nan da sunansa. Ki bar shi ya zaɓi wanda za a ba. In ya san da gonarsa ake biyan mai kula da shi, zai ji shi ke ɗauke da nauyin kansa.

Mai jinyar a neme shi a nan kusa, namiji mai ƙarfi da haƙuri wanda Baba ya sani, don ya fi sakin jiki a wanka da ban ɗaki, sai mace da za ta zo wanki da girki na wasu awanni. A yi maganar albashi da ranar hutu a fili tun farko. Ba sai mai takarda ba, amma sai an koya masa: ki biya nas ko ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa ya zo gida ya nuna musu, ya kuma riƙa leƙowa. Ke ma ki riƙa zuwa wani lokaci ba sanarwa, ki keɓe da Baba ki ji yadda ake yi masa.

Abubuwan koyon ba su da yawa. Wanda ba ya juya kansa a juya shi kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da mazaunai da dunduniya kullum lokacin wanka. A fata mai duhu gyambon kwanciya ba ya farawa da ja, wurin yakan ƙara duhu ya yi ɗumi ko tauri. Kada a murza, a ɗauke nauyi daga wurin a kira ma'aikacin lafiya. Kada a ja Baba ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Ya ci abinci a zaune sosai, ya ƙara rabin awa a zaune bayan ya gama, in yana yawan ƙwarewa a gaya wa likita, don abin da ya bi hanyar iska shi ke zama ciwon huhu. A sa fo mai kujera a gefen gado, fitila ta kwana a kunne, a kafa abin kamawa a ban ɗaki. Wannan har saboda Inna: faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, 'yan sama da shekara 60 suka fi yawa a ciki, kuma karayar ƙugu guda ta isa ta mayar muku da majinyata biyu.

Nisan asibiti shi ne hujjarki mafi ƙarfi, ban raina ta ba. Wanda ya taɓa samun shanyewar jiki yana cikin haɗarin ta dawo, hawan jini kuma shi ne babban mai buɗe mata ƙofa. A sayi na'urar gwajin jini mai batir a riƙa rubutawa, in yana yawan haura 140 bisa 90 a sanar da likita. Kafin damina ta ɓata hanya a tanadi maganin wata biyu ko uku. Kowa a gidan ya san alamun: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa wa'adinta awa huɗu da rabi ne daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton kai kafin a yi ta. Ku san tun yanzu wane asibiti mafi kusa ke da na'urar hoton, ku shirya da masu mota biyu, lambobinsu a manne a bango, kuɗin mai a wurin da auta ya sani.

Tun hankalinsa yana nan, a ji bakinsa a kan abin da kowa ke tsoron tambaya. Wa zai yi magana a madadinsa in ya kasa? In ciwo ya tsananta, babban asibiti yake so ko a bar shi a gida a rage masa zafi? Ina takardun gida da gona, wa ke binsa, wa yake bi? A samu lauya a rubuta takardar wakilci a gaban shaidu, tasa da ta Inna, ita ma tun tana iya cewa na yarda da saninta. Za ki ce kamar kiran mutuwa ne. Maganar da aka ƙi yi a ɗaki don nauyi, ita ake yi daga baya a bakin ƙofar asibiti da ɗaga murya, mai abin yana kwance ba ya iya raba gardama.

Ƙanwarki kada ki yanke mata hukunci, ba ki san abin da ke cikin ɗakinta ba. Wadda ba ta iya zuwa tana iya riƙe lissafi, ta bi ranakun ganin likita, ta kira Inna kullum da yamma. Yaya ya kira mijinta da kansa ya roƙi mako biyu, da kwanan wata. Roƙon da ke da farko da ƙarshe ya fi saurin karɓuwa a kan "ki riƙa zuwa".

Aikinki kuwa, in kika ajiye, an rasa albashi guda daidai lokacin da kuɗin magani ke hawa, kin rasa shekarun fansho, 'ya'ya huɗu sun rasa uwa a kusa, 'yan'uwa kuma za su sauke numfashi su ce an samu mai yi. Bayan shekara biyu ke za ki rubuto min wasiƙar matar auta. Gara ki gaya wa shugaban makarantarku halin da ake ciki, ki ji irin hutun da dokar aikinku ta ba ki, ki jera manyan hidimomi a kan hutun zango. Da an samu mai jinya, zuwan ya koma sau ɗaya a wata, amma ki karɓi dare, na gida su yi barci.

Maigidanki bai hana ba, ki gode masa a fili. Ina zaton rashin sanin iyakar tafiyar ya fi damunsa a kan tafiyar kanta. Kuma kin yi tayin kawo majinyata biyu gidansa, wasiƙarki ba ta ce kin tambaye shi ba. Ki zauna da shi kafin ki yi wa Baba maganar mako shida: wane ɗaki, wa zai biya, wa zai kula da su in kina aji.

Ba zan ce miki wannan tsari zai riƙe har abada ba. Zaman ƙauye yana iya gagara in shanyewar ta dawo, in gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa, in Baba ya kasa haɗiya, in Inna ta fara fita tana ɓata hanyar gida, ko aka nemi mai kwana da su aka rasa. Ku faɗi waɗannan da sunansu a gaban Baba tun yanzu, ki nemi alkawarinsa cewa in ɗaya ta faru zai yarda a sake zama. Ko ba abin da ya faru, ku huɗun ku riƙa waiwayar tsarin duk bayan wata uku.

Wannan Asabar ɗin ki tafi da littafin rubutu da akwatin magani da na'urar gwajin jini. Ki fara da ɗakin matar auta. Daren ranar ke za ki kwana kusa da Baba, ki ce mata ta rufe ƙofarta, ko ta ji motsi kada ta fito. Ki rubuto min bayan taron, ina so in ji abin da Baba ya ce a kan mako shidan.